ZANCEN KAMARORI: TSARON GARI DA RUFIN ASIRIN MUTANENSA

Ga jawabin da malamin lakwal ɗinmu ya yi ranar babban taron ƙungiya, da sunan kwamitin da anka ɗora ma nazarin zancen kamarori. Mun buga shi dukansa domin waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman ƴan uwanmu da ke Yamai, Kwatano da Legas.

Mai girma maigari, limamai, dattawa, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, assalamu alaikum.

A taron da ya wuce kun ba mu aiki, mu biyar. Kun ce mu duba tayin da ɗiyan garinga mazauna waje sunka yi, na su haɗa kuɗi su sayo kamarori shida masu aiki da hasken rana a kakkafa cikin gari. Mun zauna, mun tambayi waɗanda sunka san aikin, mun bi gida gida mun ji bakin maza da mata. Yau mun zo mu faɗa muku abin da munka gano. Kafin komi muna gode ma ƴan uwanmu na waje. Wanda ya tuna da gida alhali shina cikin wahalar bariki, ɗan halas ne. Abin da za mu faɗi ba raina kyautarsu ba ne.

1. ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Ba sai mun tsaya dogon bayani ba, kowa ya sani. Bara an kwance pano biyu na foraj cikin dare, mata sunka yi kwana da kwanaki suna jan guga a tsohuwar rijiya. An ɓalle ƙofar bankin cimaka. An kore shanun huɗa na wani dattijo ana sauran wata guda ruwa shi sauka. Har yau ba mu san wanda ya yi ba, kuma rashin sanin ya fi asarar ciwo, domin ya sa maƙwabci shina kallon maƙwabci.

Bayan ƙananan ɓarayi ga babban tsoro. A 2019 an kashe jandarmomi biyu a Bagaji. A watan Yuni na 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun man fetur tsakanin Salkam da Tibiri. Daga Dogon Kirya da Sukukutan har Ɗankasari, daga Geceme har Dumega, babu uban da ke kwana da ido biyu rufe kamar da. Iyaka tana kusa, daji a buɗe yake, babur ba shi neman izini. Saboda haka wanda ya ce a sa kamara, da hankalinsa ya faɗi. Mu ma ranar da munka fara zama, huɗu daga cikinmu sun zo da niyyar cewa to.

2. ABIN DA KAMARA KE IYAWA DA ABIN DA BA TA IYAWA

Mu fara da sanin abin kansa. Kamara irin wadda aka so a sayo tana da pano da batir. Tana ɗaukar hoto dare da rana tana zubawa cikin ɗan kati, irin wanda samari ke sa waƙoƙi a waya. In katin ya cika, sabon hoto shi shafe tsoho. Wasu ana sa musu layin waya, har mutum shina zaune Legas shi ga abin da ke gudana a kasuwarmu. Da dare tana gani, amma kusa kawai, kuma hoton ba shi da launi. Ƙurar hunturu tana rufe mata ido in ba a gogewa. Batir shina mutuwa bayan ƴan shekaru.

Shin tana rage sata? Masana a Amurka da Ingila sun tattara binciken shekara 40, sunka fitar da sakamako a 2019. Sun samu cewa inda anka sa kamarori, laifi ya ragu da wajen kashi 13 cikin 100. Inda ya fi raguwa shi ne wurin aje motoci, wajen kashi 37 cikin 100. Amma game da faɗa, duka da kisa, ba su ga wani canji mai ƙarfi ba. In munka mai da zancen cikin harshenmu, ga ma'anarsa: kamara tana tsare dukiya wadda ke aje wuri guda mai shinge. Ɓarawon da ke tsoron a gane shi, shi take kora. Wanda ya zo da bindiga da rawani a fuska, ba ta dame shi ba.

Ku tuna abin da ya faru a Mera, cikin ƙasar Augi ta jihar Kebbi, a watan Nuwamba na 2024. Lakurawa sun kore shanu, mutanen gari sunka bi sawu, anka kashe mutum 15 ko fiye. Mutanen Mera ba su rasa sanin wanda ya kore dabbobinsu ba. Da idonsu sunka gani. Abin da sunka rasa shi ne ƙarfin da za shi tare su. Kamara ido ce, ba ta da hannu ba ta da ƙafa. In ta gani da ƙarfe biyu na dare, wa za shi tashi? Tsakaninmu da birgad ɗin jandarma akwai tafiya, kun san hanyar da damana.

Sai zancen gyara. A 2010 gwamnatin Najeriya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 ta Amurka, domin kafa kamarori wajen 2,000 a Abuja da Legas, da sauran kayan sadarwar ƴan sanda. Mafi yawan kuɗin bashi ne. Cikin ƴan shekaru galibin kamarorin sun daina aiki, an sace panonsu da batir. Da bom ya tashi a tashar Nyanya a 2014, jama'a sunka yi ta tambaya ina amfaninsu. Har a 2023 wata kotu a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda anka kashe kuɗin. To in babbar ƙasa mai man fetur ta kasa riƙon nata, mu da injin niƙan ƙungiya ya yi wata huɗu a kwance saboda bel guda, ya kamata mu yi lissafi tun ba mu karɓa ba. Kyautar doki sai mai dawa.

3. WANDA ZA TA GANI KULLUM

Nan ne hankalinmu ya juya, kuma iyayenmu mata sunka juya shi. Wata tsohuwa ta tambaye mu: “Ɓarawo sau nawa yake zuwa a shekara?” Munka ce sau biyu ko uku. Ta ce: “To sauran kwanakin wa za ta kalla?” Ba mu da amsa sai guda: mu za ta kalla.

Mun ɗauki jerin wurare shida da anka ambata, munka bi su ɗaya ɗaya muna tambayar kanmu abin da kamara za ta gani cikin mako guda.

A bakin rijiya da fanfo, za ta ga matanmu da ɗiyanmu mata sun ɗaure zane a ƙirji suna aiki, suna wanki, suna shayar da goyo. Wuri ne da namiji mai kunya ke kau da kai in ya gitta. Nan mata ke faɗin abin da ba su faɗi a gida. Waɗansu kamarorin har murya suke ɗauka.

A ƙofar gidan likita, za ta ga wadda ta zo awon ciki tun ba ta faɗa ma uwar mijinta ba, da wadda ke zuwa karɓar maganin tazarar haifuwa, da wanda ke zuwa karɓar magani kowane wata saboda ciwon da ba shi so a sani. Ma'aikaciyar likita ta ce mana a fili, in anka sa kamara nan, akwai waɗanda za su daina zuwa. Za mu tsare kwalaben magani, mu kori masu shansa.

A tsakar kasuwa, za ta ga magidancin da ya fito da akuyarsa ta ƙarshe, da wanda ya zo awon tiya guda cikin watan Agusta alhali mutane na zaton rumbunsa da saura, da wanda ya raɓa wurin mai shago neman bashi. Kullum in mun ɗaga hannu muna roƙon Allah shi rufa mana asiri. Rufin asiri shi ne talaka shi fita da rigarsa wankakka, ba wanda ya san abin da ya kwana da shi.

A mashigar gari, za ta ga wanda ya shigo da wanda ya fita, da lokacin. Za ta ga saurayin da ke zuwa zance, da matar da ta yi yaji da asuba ta komo da magariba ba wanda ya ji. Kuma mu Arawa mun san ƙasarmu. Nan ne ƙasar Lugu da Bagaji. Akwai mai zuwa masallacin wanga, akwai mai zuwa wancan, akwai mai zuwa coci, akwai wanda ke bin hanyar kakanni in dare ya yi. Mun daɗe zaune lafiya saboda kowa ya iya gani shi yi kamar bai gani ba.

Wani za shi ce, ai ƙauye ba a ɓoye komi, dama kowa na ganin kowa. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Idon mutum shina da kunya, shina mantuwa, kuma wanda ya gan ka kai ma ka gan shi. In ya ba da labari ana iya cewa ƙarya yake, dattawa su kashe maganar. Hoto ba shi mantuwa. In ya shiga WhatsApp da hantsi, kafin azahar ya kai Kwatano, kuma ba mai iya kiransa shi komo. Kun ga auren da hoto guda ya kashe a garuruwan da ke kewaye da mu, ba sai mun kama suna ba.

Wani kuma za shi ce, wanda bai yi laifi ba mi yake tsoro? Sai mu tambaye shi: don mi ya yi ma gidansa danga? Don mi ya gina zaure? Don mi baƙo ke tsayawa waje shi yi sallama? Ba don ana aikin assha a ciki ba. Mutunci ne ke son sutura.

4. WA KE RIƘE DA MABUƊI

Mu da munka yi lakwal mun san wani abu da ake ce ma sambol. Ɗan ƙashi ne ko guntun itace da ake rataya ma yaron da anka ji ya yi Hausa a filin lakwal. Shi kuma sai shi yi ta kasa kunne har shi kama wani shi miƙa mashi, domin wanda abin ya kwana hannunsa shi ke shan bulala. An ce don mu iya Faransanci anka yi shi. Abin da munka koya shi ne yin shiru in aboki ya matso. Yau da muke riƙe da alli mun gane cewa aji mai tsoron ɗan rahoto shiru gare shi, amma ba shi da karatu.

Dattawan da ke nan sun ga babban sambol. Zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, akwai ofishin da ake kira BCL, a hannun Amadu Umaru Bonkano, mai kunnuwa a tasha da kasuwa da wurin biki. An samu tsaro, ba mu musu. Amma mutum kan duba hagu da dama kafin shi yi magana a zaurensa. Kuma a watan Oktoba na 1983, shi wanda anka ba amanar sauraren kowa, shi ne ya nemi kifar da mai gidansa. Darasin a fili yake: wanda ke kallon kowa, dole a samu mai kallonsa.

A ƙasar Uganda, gwamnati ta sayi kamarorin kamfanin Huawei na wajen dala miliyan 126 da sunan yaƙi da masu kisa. Da anka yi zanga-zanga a watan Nuwamba na 2020 bayan kama ɗan adawa Bobi Wine, da hotunan kamarorin nan anka bi mutane ɗaruruwa anka kama. Abin da anka sayo don ɓarawo ya koma kan mai ƙorafi.

Garinmu ba Uganda ba ne, amma mu ma muna da rigingimunmu: gardamar gona, zancen sarauta, siyasa in lokacinta ya zo, kishi tsakanin gidaje. Duk wanda hotunan gari ke cikin wayarsa ya samu sanda a kan kowa. Yau mutumin kirki ne. Gobe wayar ta faɗi, ko ɗansa shi ɗauka, ko a kai ta gyara, ko shi kansa shi yi fushi da wani.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, kuma muna roƙon ku saurara da kyau. Mutanen daji ba su da abin da sunka tsana kamar wanda suke zargi da kai rahoto. Kun ji abin da suke yi ma irin waɗannan a wurare da dama. In labari ya bazu cewa garin kaza ya kafa ido a kan hanya, kuma wane ne ke riƙe da hotunan, mun rataya ma mutum guda abin da ya fi ƙarfinsa, wataƙila ma gari duka. Tsaron hanya da iyaka aikin hukuma ne, ita ke da soja da jandarma. In ta ga ya dace a sa ido a hanya, ita za ta sa, ita za ta tsare. Kada ƙungiyar ƙauye ta ɗauki kayan da ba ta iya saukewa.

5. ABIN DA ADDINI DA DOKA SUNKA TANADA

Mun je wurin liman. Ya tuna mana cewa Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, Suratun Nuri kuma ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Ya ba mu labarin da malamai ke bayarwa na Sayyidina Umar, wanda ya haura katanga ya iske mutum cikin saɓo. Mutumin ya ce shi laifi guda ya yi, amma Sarkin Musulmi ya yi leƙe, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba. Umar ya karɓi maganar ya fita. Liman ya ƙara da cewa tsare dukiya shi ma wajibi ne, saboda haka a tsare dukiya ba tare da an tona mutane ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a watan Disamba na 2022. Akwai hukuma a Yamai mai suna HAPDP da ke kula da wannan. Hoton da ake gane mutum a cikinsa shina cikin bayanan da doka ke karewa. Mai tara irin waɗannan bayanai sai shi sanar da hukuma, shi faɗi dalilinsa, shi sanar da mutanen da abin ya shafa, kada shi yi aiki da su don wata manufa dabam, kada kuma shi aje su fiye da lokacin bukata. Ke nan ko da kuɗinmu munka saya, ba mu da ikon kafawa yadda munka ga dama.

6. SHAWARAR KWAMITI

Ba mu ce a mai da kyauta ba, ba mu ce a karɓe ta yadda ta zo ba. Ga abin da munka tsaida, mu biyar, baki ɗaya:

Na ɗaya. A sayi kamara uku maimakon shida. Ɗaya ta dubi panon foraj daga cikin shinge, bayanta na ga wurin ɗibar ruwa. Ɗaya ta dubi ƙofar bankin cimaka, a kunna ta da dare kawai, domin kada ta ga masu zuwa awo. Ɗaya ta dubi turakun kasuwar dabbobi.

Na biyu. Ba za a sa kamara a rijiya, gidan likita, ƙofar wurin ibada, filin lakwal, mashigar gari, ko inda za ta hango cikin gidan wani ba. Ranar kafawa, mata biyu da ƙungiyar mata ta zaɓa su duba abin da kowace ke hangowa kafin a ɗaure ta.

Na uku. Ba layin waya, ba ɗaukar murya. Hoto shi tsaya cikin kati, kati cikin akwatin ƙarfe. Muna ba ƴan uwanmu na waje haƙuri. Mun san kewar gida ce ta sa suke son su riƙa leƙowa, amma in ƙofa ta buɗe ma ɗaya ta buɗe ma dubu.

Na huɗu. Akwati shi zama da kwaɗo uku: mabuɗi guda wurin wakilin maigari, guda wurin shugabar mata, guda wurin wakilin samari. Ba a buɗewa sai an yi sata ko ɓarna an kai ƙara, kuma sai su uku suna tsaye. A aje kaye a rubuta rana, dalili da sunan waɗanda sunka duba. Ba mai ɗaukar hoton da wayarsa.

Na biyar. Hoton da ya wuce kwana 15 ba a yi ƙara ba, shi shafe.

Na shida. In an ga ɓarawo, a kai ma jandarma. Ba duka, ba bin sawu da sanduna, ba kiran suna a kasuwa. Hoton dare shina kama da mutane da yawa, kada mu ɓata ɗan wani saboda irin tafiyarsa ko rigarsa.

Na bakwai. A kafa allo a kowane wuri da Hausa, da boko da ajami, mai cewa akwai kamara. Kafin a kafa komi, biro shi rubuta ma hukumar komin da mai girma sarki, a nemi hanyar sanar da HAPDP.

Na takwas. Kuɗin kamara ukun da anka fasa, a sayi fitilu masu hasken rana, a canza ƙofar bankin cimaka da ta ƙarfe, a aje saura don batir da ladan mai gadi. Haske da mai gadi a farke sun riga kamara korar ɓarawo.

Na tara. Bayan shekara guda a komo wannan fili a yi lissafi: sau nawa anka buɗe akwati, mi anka samu, wa ya ji an cuce shi. In amfanin bai kai ba, a kwance.

Jama'a, wannan ita ce iyakar fahimtarmu, kuma shawara ce, yankewa naku ne. Muna roƙon kafin a ɗaga hannu a ba iyayenmu mata magana tukuna, tun da su ne za su fi kowa gittawa gaban abin nan. Muna roƙon sakatare shi aika ma ƴan uwanmu na waje wannan takarda yadda take, domin su ji dalilanmu daga bakinmu.

Inda munka yi kuskure ku gafarce mu. Allah shi tsare garinmu da ƙasarmu, shi ba mu damana mai albarka, shi rufa mana asiri duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.